Muƙamuƙina yana ciwo a gaban kunne, in je wurin wanzami?

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Daga unguwar Zariya nake, nan Maraɗi. Sati uku ke nan muƙamuƙina na dama yana ciwo, daidai gaban kunne. In na buɗe baki sai ya yi ƙas, da safe kuma in tashi da shi a ɗaure, kai na sara. Uwargida ta ce ina cizon haƙora cikin barci. Goro da aya ba sa rabuwa da aljihuna. Wasu sun ce in je a yi mini ƙaho a wurin. Me kuka gani?

Likitan haƙori: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Ɗora yatsa gaban kunne ka buɗe baki, abin da ke motsi shi ne mahaɗin muƙamuƙi da ƙoƙon kai. Akwai ɗan faifan guringuntsi a tsakani. In ya ɗan zame gaba, komawarsa ce ke yin ƙas. Ƙara kaɗai ba tare da zafi ba, ba cuta ba ce. Naka ɗaurewar ta safe ta fi kama da gajiyar naman tauna, ga cizon dare ga goron rana. Ka ba shi hutun sati biyu zuwa uku: ban da goro, aya, ƙuli-ƙuli, kilishi, rake, goriba da cingam. Koma kunu, fura, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa, ƙwai, wake da ya dahu luguf. Lomar ta zama ƙarama, kuma a tauna ta gefe biyu. Sannan gwada jera yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba. Lafiyayyen baki yakan buɗe kusan milimita 40. In biyu ma ba sa shiga, ka zo a duba. A duba haƙoran baya ma, don ruɓaɓɓen turmi yakan aika zafi har kunne.

Mai gashin ƙashi: Alhaji, gashi shi ne kan gaba. Tsoma tawul a ruwan ɗumi, wanda bayan hannu zai jure, matse, ɗora daga kunci zuwa gefen goshi minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a yini. Bayan gashi ka cije kaɗan, za ka ji wani nama ya kumburo a kusurwar muƙamuƙi. Saki, ka murza shi da yatsu biyu a zagaye minti ɗaya ko biyu, a hankali. Kuskuren mutane shi ne danna mahaɗin da ƙarfi, gobe su tashi ya fi jiya.

Motsa shi kuma haka ne: kan harshe a ganɗa bayan haƙoran sama, ka buɗe baki iya inda harshen bai saki ba, ka rufe. Sau 6, lokaci 6 a yini, gaban madubi don haɓa ta sauka miƙe. Da zafi ya taso, tsaya. Abin da ya fi duk wannan: in ba ci kake ba, leɓe a rufe, haƙora a rabe. Bisa babur da lokacin lissafin kasuwa ne aka fi cijewa ba a sani ba. In hamma ta zo, tokare haɓa da dunƙulen hannu.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, don Allah a bar ƙaho da tsaga a wannan wurin. Jijiyar da ke motsa fuska da mafitar yawu duk nan gaban kunne suke, ga jijiyar jini. Man zafi a kunci ba laifi, kada dai ya kusanci ido. Shayin dare mai kauri da kofi a rage, suna ƙara cizon barci, kuma kada a kwanta rub da ciki. Maganin zafi ibuprofen, miligiram 400 bayan abinci, kada ya wuce sau uku a yini, kuma kada a wuce sati guda ana sha. Mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su tsaya kan parasetamol. A farmasi za a saya, kuma tramol kada a soma.

Mai tambaya: Na gode. Yaushe ke nan zan je asibiti?

Likitan haƙori: In sati ukun hutun suka cika ba sauƙi, akwai robar da ake aunawa daidai haƙoranka ka riƙa kwana da ita. Amma waɗannan ba a kwana da su: kunci ya kumbura da zazzaɓi, baki ya buɗe ya ƙi rufuwa (wato gocewa, kada kowa ya danna shi a gida), ko haƙora su sarƙe kwanaki bayan taka ƙusa ko wani rauni, don tetanos kan fara da muƙamuƙi, ko zafin ya zo tare da nauyin ƙirji da zufa, don yana iya zama ciwon zuciya. Ɗaya daga ciki, a wuce babban asibitin Maraɗi ko da tsakar dare ne.