Masu haɗa fanci a taro ku zo mu ji yadda kuka ƙare

Maman Hanifa:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah taimako nake nema. Walimar saukar ƙanwata saura kwana tara kuma an ɗora min abin sha, ni kuma bana son a yi ta jera lemon kwalba kamar kullum, so nake in yi fanci irin wanda ake zubawa a babban kwano kowa ya ɗiba da ludayi. Mutane za su kai hamsin ko su ɗan wuce. Na taɓa gwadawa sau ɗaya a sunan maƙwabciyata abin ya zama salam kamar ruwan wanke kofi, har yau ban gane inda na kuskure ba. Duk wadda ta taɓa yi ta faɗa min yadda ta yi da inda ta sha wuya. Sannan wai me ma ya sa ake ce masa fanci ne, tunda punch a Turanci naushi ne, naushi aka yi wa wa?

Anti Kulu:
Wa alaikumus salam ƙanwata, ba sai kin faɗa ba na san abin da ya faru, ƙanƙara ce ta cuce ki. Nima haka ta min a kamun ɗiyar yayata, na haɗa abu mai daɗi tun safe na ɗanɗana har ina yabon kaina, sai na farfasa ƙanƙara ƙanana na zuba a ciki tun ƙarfe biyu, baƙi ba su fara zuwa ba sai bayan la'asar, kafin nan duk ta narke ta koma ruwa, zaƙin ya gudu tsamin ya gudu kala kawai ta rage. Tun daga ranar nake daskarar da ƙatuwa guda ɗaya a robar fenti mai tsafta ko kwanon silba, saboda babba bata saurin narkewa kamar ƙanana. Kuma ba da ruwa zalla nake yin ta ba, da shi kansa haɗin nake daskarar da ita, in ta narke ma ɗanɗano take ƙarawa.

Malamin Tarihi:
Hajiya Maman Hanifa ba wanda aka nausa, hhh. Ni ba gwanin kicin ba ne amma sunan kam zan iya cewa wani abu. Abin da aka fi yarda da shi daga Indiya kalmar ta fito, masu kallon fim ɗin Indiya ai kun san ƙirgensu, ek, do, tin, car, panc, to panc ɗin nan biyar ke nan, saboda abu biyar ake haɗawa: ruwa, sukari, ruwan lemon tsami, kayan ƙamshi ko shayi, sai barasar yankin da ake kira arak. Tushen kalmar ɗaya ne da na farkon sunan Punjab, ƙasar koguna biyar. Wasu masana kuma sun ce a'a daga sunan wata babbar ganga ce ta katako da Turawa ke zuba abin sha a jirgin ruwa, gardamar na nan har yau.

Wanda ya yaɗa shi ma'aikatan jiragen kamfanin East India ne na Ingila, kamfanin da aka kafa a 1600. Tafiya daga Ingila zuwa Indiya a lokacin sai an zagaye ƙarshen Afirka ta kudu, watanni ake yi a teku, abin shan da suka ɗebo daga gida ya lalace saboda zafi, sai suka koma haɗa abin da suka tarar a can. Rubutu mafi tsufa da aka samu da kalmar a Turanci wata wasiƙa ce ta wani ma'aikacin kamfanin a 1632. Daga nan suka koma da shi gida, ya shiga gidajen masu kuɗi har aka riƙa ƙera masa manyan kwanukan azurfa da tangaran na musamman.

Ummu Sadik:
Innalillahi, Malam wato asalinsa da barasa a ciki? To ni yau na ji. Kenan muna ta sha a biki bamu sani ba?

Malamin Tarihi:
A'a Ummu Sadik kwantar da hankalinki, wanda ake yi a bukukuwanmu 'ya'yan itace ne da lemo, sunan kawai ya gada. Asalin na Turawan ne da ita.

Baƙuwar Manchesta:
Amma fa tsoron Ummu Sadik yana kan hanya ga wanda ke waje. Shekarata ta farko a Ingila aka yi liyafar ƙarshen shekara a wurin aikinmu, na ga kwano biyu a tebur duk ja, yankakken lemon zaƙi na yawo a sama, ni a zatona irin namu ne na biki, har na cika kofi na kai baki wata abokiyar aikina 'yar Pakistan ta riƙe min hannu ta ce 'yar uwa ba wannan ba, wancan na gefe shi ne namu. Wallahi a ido ba za ki bambance ba. Tun daga nan ko ina na je sai na tambaya kafin in ɗiba, kuma su ba sa jin haushin tambayar, yawanci ma suna rubutawa a 'yar takarda su ajiye a gaban kwanon.

Abin da ya ban mamaki kuma, maƙwabciyata 'yar Jamaika ta kawo min nasu lokacin Kirsimeti ta ce ta cire min nawa kafin su zuba nasu abin, ina kurɓa na ce kai wannan ai zoɓo ne! Zoɓonmu sak, da citta da kanumfari, sunan kawai suka canza.

Hajiya Mai Abinci:
Maman Hanifa zo nan ki ji, ni sana'ata ce wannan. Ki fara da lissafi tukuna, mutum hamsin kowa kofi biyu, kofi huɗu na cika lita ɗaya, kin ga lita 25 ke nan, ki ƙara biyar saboda yara da masu cewa a zuba musu a gora su tafi da shi gida, kin san halinmu.

Akwai wani ma'auni da mutanen Barbados ke rerawa kamar waƙa, ɗaya na tsami, biyu na zaƙi, uku na mai ƙarfi, huɗu na mai sanyi-sanyi. Su mai ƙarfin nasu barasar rake ce, ni kuma a wurinsa nake sa zoɓo mai kauri ko shayi baƙi da na dafa ya yi ƙarfi ya huce, kuma wallahi ma'aunin yana aiki yadda yake. Wato ruwan lemon tsami kofi ɗaya, ruwan sukari kofi biyu, zoɓo ko shayi kofi uku, sai kofi huɗu na ruwan abarba ko kankana da ruwan sanyi. Jimla goma. In lita 30 kike so sai ki ce tsami lita 3, zaƙi 6, mai ƙarfi 9, sauran 12. In zoɓo kika zaɓa ki rage lemon tsamin zuwa rabi don shi ma da nasa tsamin, kar ki kashe wa mutane haƙora. In kuma abarbarki ta nuna sosai ki ɗan ja hannu a sukari, harshenki shi ne alƙali.

Sukari kuma kar ki zuba shi gari a ruwan sanyi, kwanciya zai yi a ƙasa, na farko su sha tsami na ƙarshe su sha alewa. Ki dafa shi da ruwa daidai wa daida, ki jefa citta da kanumfari da ɗan kirfa a ciki ya tafasa, ki tace ki bari ya huce. Sannan wata dabara da tsofaffin masu haɗa fanci na Turawa ke yi tun da can, ki fere ɓawon lemo sama-sama banda farin nan mai ɗaci, ki cuɗa shi da sukari ki rufe ki bar shi awa biyu ko ya kwana, za ki ga sukarin ya jiƙe ya tsotso man ɓawon, wannan ƙamshin ba wani fileba na kanti da zai ba ki shi.

Amaryar Bara:
Hajiya Allah ya saka, ina ma na ga wannan kafin azumin da ya wuce. Ni dangin miji na gayyata shan ruwa, na ce bari in burge, na markaɗa ɗanyar abarba na zuba madara a kai wai ya yi kauri, na sa a firji, lokacin da aka kira salla na ɗauko abu ya tsinke ya yi gudaji-gudaji ga ɗaci kamar magani, uwar mijina ta kurɓa ta ajiye bata ce komai ba, wannan shirun ya fi min faɗa ciwo. Daga baya aka ce min ɗanyar abarba da madara basa zama tare in an bar su suka jima, sai dai in an ɗan dafa abarbar tukuna.

Anti Kulu:
Sannu Amarya, kowa da ranar da kicin ya kunyata shi. Wani abu da na manta, in za ki sa lemon kwalba mai gas irin su Sprite, sai baƙi sun zauna za ki buɗe ki zuba a hankali ta gefen kwano, in kika zuba tun da wuri gas ɗin ya fice zaƙi kawai zai rage miki.

Ɗan Legas:
Ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Ni ina ganin Chapman ma ai fancinmu ne na Najeriya, Fanta da Sprite da jan ruwan girenadin da kokwamba da yankan lemo, ana cewa a Ikoyi Club na nan Legas aka fara shi. Abin da zan ja hankali a kai, masu haɗa shi a otal suna ɗiga Angostura, wani ruwan ƙamshi mai ɗaci na kwalba, ita kuma in ka duba jikin kwalbar za ka ga barasar cikinta ta haura kashi 40 cikin ɗari, ɗigo kaɗan ake sawa amma dai ga wanda ke kiyayewa gara ya sani. Da na yi wa abokaina a gida ɓawon lemo da kanumfari na sa a madadinta, ba wanda ya ce wani abu ya ɓace.

Malamin Tarihi:
Tunda ana maganar yawa, Hajiya lita 30 ɗinki wasa ce. Ana ba da labarin wani babban hafsan sojan ruwan Ingila, Edward Russell, da ya yi liyafa a Sifaniya a 1694, a cikin tafkin ado na lambu aka haɗa fancin, har da ƙaramin kwalekwale da yaro a ciki yana tuƙawa yana cika wa baƙi kofuna.

Hajiya Mai Abinci:
Malam wannan ai sai su, ni ko ludayi ne ya faɗa cikin kwano raina ɓaci yake balle yaro da kwalekwale. Yauwa Maman Hanifa ki sa mutum ɗaya ya tsaya a kan kwanon yana zubawa, in kika bar wa yara za ki ga kofin da aka sha an tsoma shi ciki.

Maman Hanifa:
Kai na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci, yau da daddare zan gwada ma'aunin Hajiya da ƙaramin kofi in ba maigida ya ɗanɗana. Matsalar da ta rage wuta, kwana uku ke nan bamu ga ƙyallinta ba a unguwarmu, dole sai dai in sayi ƙanƙara a wurin masu sayarwa, ita kuma ban yarda da ruwanta ba.

Anti Kulu:
Kar ki zuba ta ciki. Ki ɗura haɗin a jarkoki tun dare, da safe ki jera su a babbar kula ki farfasa ƙanƙarar sayen a kewaye ki watsa gishiri kaɗan a kanta ki rufe da buhu, sai ki riƙa juyewa a kwano kaɗan-kaɗan in ya ragu ki ƙaro. Babbar kulata tana nan in kina so ki turo yaro ranar Alhamis ya ɗauka.