Kaya sun yi mini yawa, ta ina zan fara ragewa?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan sallah za mu koma gidan da bai kai wanda muke ciki girma ba, kuma kayana ba za su shiga ba. Akwai atamfofin lefe da ban ɗinka ba, ga kwanukan jere da kulolin da ban taɓa zuba abinci a ciki ba, ga kayan yara da suka yi musu kaɗan. Duk wanda na ɗauka sai in ji ba zan iya rabuwa da shi ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Kada ki fara da akwati, can ne zuciya take nauyi. Fara da sito da bayan ɗaki: fasassun robobi, risho da ya daina aiki, matacciyar fanka, tukwanen da suka huje. 'Yan gwangwan suna saye a kan sikeli. Ki ware alminiyam da tagulla daban, don sun fi baƙin ƙarfe kuɗi nesa ba kusa ba, in kika haɗa musu kuwa kuɗin ƙarfe za su ba ki. Tarkacen nan ne maɓoyar ɓeraye, ga zazzaɓin Lassa da ake fama da shi duk rani.

Ummu Salma: Atamfa kuma kada ki bari ta ƙara cin damina a akwati. Danshi yana shiga, ta yi fumfuna, wurin ninkin ya koɗe ya bar layi. Ki zaɓi wadda za ki ɗinka bana, sauran ki kira dillaliya. Amma ku yanke farashi da la'adarta tun kafin ta fita da kayan, ki rubuta abin da ta ɗauka.

Yaya Binta: Ni dai ban goyi bayan a kwashe kwanuka duka ba. Ajiya maganin wata rana. Ranar suna ko biki manyan kulolin nan za ki nema, kuma kuɗin da kika sayar ba zai sayo miki rabinsu ba. Ƙananan da suka yi biyu-biyu su za ki fitar.

Hajiya Babba: 'Yata, abin da za ki bayar ki bayar tun yana da amfani. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu zaɓo mummuna mu ciyar, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Lokacin ambaliyar Maiduguri a Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, mutane sun fito da tufafin jikinsu kawai, mu kuwa zannuwa na ruɓewa a akwatunanmu. Ki wanke, ki goge, ki ninke, ki gyara maɓallin da ya cire. Kuma ki fara duba dangi. Da Abu Ɗalha ya zo zai yi sadaka da gonarsa Bairuha, Manzon Allah (SAW) ya ce ya raba ta ga makusantansa.

Maman Hanif: Na gode Hajiya. Damuwata ita ce Umma ce ta tara mini kwanukan, wasu ma na marigayiya kakarmu ne.

Hajiya Babba: Na Umma ki je ki same ta da kanki, kada ta tsinci labarin a bakin dillaliya. Wataƙila ma tana da marainiyar da ake haɗa wa kayan ɗaki. Na marigayiya kuwa ki tambaya ko an raba gado. In ba a raba ba, ko cokali ba naki ba ne da za ki kyautar.

Malama Zainab: A kula da takardu. Tsofaffin littattafan Islamiyya da duk abin da ke da aya ba a zuba su a shara, a ƙone su a wuri mai tsabta ko a binne. Magungunan da wa'adinsu ya wuce kada a ba kowa. Tsohuwar waya kuma ki cire layi da memori, ki goge hotunanki kaf kafin a kai ta Farm Centre, kasuwar waya ta Kano.

Ummu Salma: Maman Hanif, in akwai kayan namiji ɗan shekara uku zuwa huɗu ki ware mini. Maƙwabciyata mijinta ya rasu, yaranta uku. Zan aiko a karɓa ranar Asabar in Allah ya kai mu.