Akwai gwajin jinin da ke nuna ciwon waswasi?

Yayar Abba:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka mini. Ƙanena ne, shekararsa 23, alwala ɗaya sai ya ƙarar da buta uku. Yana kaiwa wankin ƙafa sai ya ce bai tabbata ya shafi kai ba, ya koma farko. Da hunturun nan bayan hannunsa ya tsattsage har jini yake yi. Rannan na tsaya bakin ƙofa ina jin sa yana kabbarar harama, sau goma sha ɗaya na ƙirga kafin ya kama Fatiha. Da ya sallame hawaye na gani a fuskarsa.

Na kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya yi masa tambayoyi kusan awa guda, ya ce ciwon waswasi ne, wanda suke kira OCD, ya rubuta magani. Baba ya ce sam. Ta yaya likita zai ce mutum na da ciwo bai ɗebi jininsa ba? Shi sai ya ga sakamako a takarda, kamar na maleriya ko na sukari. Wani ɗakin gwaji sun ce za su auna sirotonin, wani sinadari mai kai saƙo a ƙwaƙwalwa, a jininsa, kuɗin kuwa ba kaɗan ba. In biya?

Mai Gwajin Jini:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, riƙe kuɗinki. Aikina ke nan, kuma har yau babu gwajin jinin da ke tabbatar da wannan ciwo. Kusan kashi 90 cikin ɗari na sirotonin ɗin jiki a hanji ake yin sa. Wanda ke jini kuma yana tare ne a cikin ƙwayoyin da ke daskarar da jini idan an ji rauni, ba ya ƙetarawa zuwa ƙwaƙwalwa, ita nata take haɗawa. Ko ya fito sama ko ya fito ƙasa, bai gaya miki abin da ke kan Abba ba.

Masana sun nemi alamar a jini, ba wai ba su nema ba. A 1999, a Jami'ar Pisa ta Italiya, an duba furotin mai ɗaukar sirotonin a waɗannan ƙwayoyin, aka ga ya ragu a masu waswasi 20. Sai kuma aka ga irin wannan raguwar a mutum 20 masu ƙoshin lafiya da ba su daɗe da faɗawa soyayya ba. To wa zai yanke hukunci da wannan? A 2005 a Bangalore ta Indiya an samu sinadarin gulutamet, shi ma mai kai saƙo a ƙwaƙwalwa, ya fi yawa a masu ciwon, amma a ruwan laka aka auna, kuma bambanci ne tsakanin rukuni da rukuni. Bai isa a nuna mutum ɗaya a ce kai kana da shi ba.

Nas Halima:
Tambayoyin nan da Baba ya raina su ne awon. Akwai ma'auni na Yale-Brown da ake amfani da shi tun 1989: tambaya goma, maki daga 0 zuwa 40. Ki roƙi likitan ya rubuta makin Abba, ya sake aunawa bayan wata uku. Ga takardar da Baba ke so.

Ki kuma gaya masa an ga ciwon a hoton ƙwaƙwalwa. Hanyar da ta haɗa gaban ƙwaƙwalwa, saitin saman ido, da can cikinta ce ke aiki fiye da kima, kamar ƙararrawar da ta maƙale. A 1992 a Los Angeles an ga aikin wani sashe na wannan hanya ya lafa a waɗanda suka samu sauƙi, masu shan magani da masu horon jure waswasi duka. Maganin kuma sai an yi haƙuri, mako 8 zuwa 12. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu yar da shi a mako na uku su ce ba ya aiki.

Ɗan Fagge:
Yaya, ni na sha wannan wahala shekara shida. Abin da ya sauko da mahaifina ba ɗakin gwaji ba ne, Ahlari ne. Malaminmu ya buɗe masa inda aka ce mai waswasi ya kawar da shi daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, ya yi ba'adi kawai. Abin da likitana ke sa ni ke nan: wanki sau ɗaya, in ajiye buta, in zauna da ƙuncin har ya sauka da kansa. Ranar farko jikina rawa yake, kamar ba ni da alwala. Kada ku riƙa ce wa Abba "ai ka shafa, na gani". Tausayi ne, na sani, amma ciyar da ciwon yake.

Yayar Abba:
Innalillahi, ni ce kullum mai ce masa na gani. Allah ya saka muku da alheri. Na fasa gwajin. Ranar Talata za mu koma asibiti, kuma na roƙi Kawu, shi da ya karantar da Baba Ahlari, ya zo su yi magana bayan Isha.