Su Wa Ake Kira 'Yan Alli?

(Hira a wani zauren malaman Kaduna)

Malamin Labarin Ƙasa, Kawo: Jama'a ku taya ni ji. Har ƙarfe 1 na dare ina haɗa darasin yadda ruwan sama ke samuwa a PowerPoint, shafi 14, har da hoton Kogin Kaduna da na ɗauka daga kan gada. Ina jona majigi aka ɗauke wuta, 'yan allin ofishinmu suka yi ta ƙyaƙyata dariya. Ni dai na ce, malamin da bai iya haɗa darasi a kwamfuta ba yanzu, jirgi ya bar shi.

Malamar Turanci, Barnawa: Sannu Malam. Nan gaba ka mayar da shi PDF ka ajiye a waya, manhajar WPS Office za ta buɗe maka ba sai da data ba. Kuma shafi 14 ya yi yawa a darasin minti 40.

Tsohon Hedimasta, Tudun Wada: Su wa kake kira 'yan alli? Yaro, allin nan ne ya koya maka baƙi da wasali.

Malamin Labarin Ƙasa: Baba, ba da kai nake ba.

Tsohon Hedimasta: Da ni kake. Shekara 35 farar ƙura na cika min hannun riga.

Malamin Lissafi, Rigasa: To mu masu farin allo da alƙalamin maka fa? 'Yan alli ne mu ko me?

Malamar Firamare, Unguwar Sanusi: Maka ai allin 'yan gayu ce, kwana uku ta bushe. Ku na makarantun kuɗi kuna da janareto, ni yara fiye da 90 ne a ajina, wasu a ƙasa suke zama.

Malamin Lissafi: Hajiya, makarantar gwamnati nake, ki daina ɗora min jakar tsaba.

Tsohon Hedimasta: Jarrabawar gwajin malaman firamare da gwamnatin El-Rufai ta yi a Kaduna a 2017, wadda ta yi awon gaba da malamai sama da 21,000, PowerPoint aka tambaye su?

Malamar Firamare: Baba, kada ka taso da zancen El-Rufai, akwai waɗanda ciwon bai warke musu ba.

Malamar Turanci: Wai ba wanda ya ga maganar PDF ɗina?

Shugaban Zaure: An rufe. Kamar yadda kowa ya gani, duk mun yarda alli ba ya jiran wuta. Ɗan Kawo ya ba Baba haƙuri kafin Magariba, kuma ya goge kalmar nan. Batun su PDF a bari sai wani jiƙon.