Me ya sa ake hana ɗan wasan da ba a kama da ƙwaya ba shiga gasa?

Malamin Motsa Jiki, Zariya:

Assalamu alaikum. Ina koyar da wasannin motsa jiki a wata makarantar sakandare, kuma akwai abin da nake roƙon masana su warware mini. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, an hana 'yan guje-guje da tsalle-tsalle na Najeriya su goma shiga fili, alhali ba a ce an samu ƙwayar ƙara kuzari a jikin ko ɗaya daga cikinsu ba. Wace irin doka ce take hukunta wanda bai yi laifi ba? Sannan tunda kuɗin da gwamnati ke ware wa wasanni bai taka kara ya karya ba, ashe bai fi dacewa a kashe shi wajen gyaran filaye da renon yara masu tasowa ba, maimakon biyan kuɗin gwajin fitsari?

Tsohon Alƙalin Tsere:

Wa alaikumus salam, Malam. Hukumar guje-guje ta duniya tana da wani sashe mai cin gashin kansa da ake kira AIU, wanda ya kasa ƙasashe rukuni-rukuni gwargwadon yadda ake fargabar yawaitar shan ƙwaya a cikinsu. A 2020 aka sa Najeriya a rukunin A, inda Kenya da Habasha da Maroko da Yukren suke. Sharaɗin wannan rukuni shi ne, kafin ɗan wasa ya shiga Olamfik ko gasar duniya, sai an yi masa gwajin bazata sau uku a wajen lokacin gasa cikin watanni goma da suka gabata, da tazarar aƙalla mako uku tsakanin gwaji da gwaji. Dalilin hakan a fili yake, domin mai maguɗi a lokacin atisaye yake shan ƙwayarsa, ya daina da wuri yadda kafin ranar gasa ta fice daga jikinsa amma ƙarfin da ta gina ya zauna.

Ɗan wasa ba ya iya kiran masu gwaji da kansa, aikin hukumomin ƙasarsa ne su tsara kuma su biya. Ba su yi ba, shi ya sa hukuncin ya faɗa kan yaran. Cikinsu akwai Annette Echikunwoke mai jifan guduma, wadda daga baya ta koma wakiltar Amurka, ta kuma ci musu lambar azurfa a Olamfik ta Paris a 2024, gasar da Najeriya ta dawo daga ita hannu rabbana. Kada a haɗa wannan da batun 'yar tseren Najeriya Blessing Okagbare, ita gwaji ne ya nuna sinadarin haɓaka jiki a jininta, kuma dakatarwarta ta kai shekara 11.

Mai Horar da Yara, Kaduna:

Ranka ya daɗe, bayaninka ya gamsar da ni ta fuskar doka, amma ina tare da Malam a tambayarsa ta biyu. Babu ɗakin gwajin da WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta amince da shi a Najeriya, saboda haka kowane samfur sai an tura shi ƙetare an biya da kuɗin waje. Ƙasar da yaranta ke atisaye ba takalmi a kan tsakuwa, ita da ƙasar da ke da filin roba a kowace jami'a, bai kamata a ɗora musu kaya iri ɗaya ba. Har wa yau ban yarda rashin kuɗi ne kaɗai matsalar ba. Favour Ofili tana cikin goman nan na Tokyo, kuma a Paris aka sake wayar gari ba a sa sunanta a tseren mita 100 ba bayan ta cancanta. Rubuta suna a takarda ba ya cin dala ko ɗaya. Idan aka ƙara kuɗi a hannun da ke irin wannan sakaci, ina tababar a ga canji.

Hajiya Mai Kemis, Kano:

Malam, akwai gefen da ya fi kusa da ɗalibanka fiye da Tokyo. Daga 1 ga Janairun 2024 WADA ta sa tramadol cikin magungunan da aka haramta a lokacin gasa, kuma kowa ya san yadda wannan ƙwaya ta yi katutu a tsakanin matasanmu. Ƙa'idar kuwa ita ce, duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa shi ke da alhakinsa, ko likita ne ya rubuta masa, ko mai horarwa ne ya miƙa masa, sai fa in ya samu izinin jinya a rubuce. Wasu magungunan mura da na hawan jini ma suna iya jawo masa dakatarwa. Chika Amalaha shekararta 16 lokacin da aka karɓe zinaren ɗaga nauyi da ta ci a gasar ƙasashe renon Ingila ta Glasgow a 2014 saboda magungunan sa fitsari, kuma yana da wuya a ce yarinya mai waɗannan shekaru ita kaɗai ta san inda ake samo su da yadda ake sha. A gasar ƙasashe renon Ingila ta Birmingham a 2022, gwajin mutum ɗaya, Grace Nwokocha, ya sa aka ƙwace zinaren gudun miƙa sanda daga mata huɗu. Wayar da kan yara da masu horar da su ba ya cin kuɗi kamar gwaji, kuma a ganina nan ya kamata gwamnatocin jihohi su fara.

Tsohon Alƙalin Tsere:

Hajiya ta yi gaskiya. Abin da zan ƙara wa ɗan'uwana na Kaduna shi ne, dokar da yake ganin ta yi mana nauyi ita ce ta taɓa ƙwato mana haƙƙi. A Olamfik ta Sydney a 2000 'yan gudun mita 400 sau huɗu na Najeriya azurfa suka samu, sai a 2012 aka mayar musu da zinare bayan Antonio Pettigrew na Amurka ya amsa cewa ya yi amfani da ƙwaya, lokacin Sunday Bada ya riga ya rasu. Kenya kuma, da ta ga ana shirin rufe mata ƙofa a 2022, gwamnatinta ta yi alkawarin dala miliyan 5 duk shekara har shekara biyar don gwaji da bincike, saboda ta fahimci gina fili ba shi da amfani idan wanda ya taso a cikinsa ba zai samu shiga gasa ba.

A nan gida, a Oktoban 2024 aka rushe ma'aikatar wasanni aka miƙa aikinta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko, sannan a 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari, bayan WADA ta daɗe tana ƙorafi kan tsarinmu. Abin da zan sa wa ido shi ne ko cibiyar da dokar ta kafa za ta samu kasonta na kanta a kasafin kuɗi, ana sakar mata shi tun farkon shekara, domin watanni goman nan ba sa jiran sai an kusa tafiya Olamfik ta Los Angeles a 2028.