Meditation da Hausa: zuzzurfan tunani ne, ko mu nemi wata kalmar?

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Ana fassara takardar wayar da kai kan damuwa da rashin barci, kalmar meditation ta tsaya mana a wuya. A intanet wasu na sa "zuzzurfan tunani", wasu "bimbini". Wacce za mu ɗauka?

Likitan Ƙwaƙwalwa: Wa alaikumus salam. Don Allah a ajiye su duka biyun. Mai ciwon damuwa ko hawan jini, abin da kowa ke ce masa shi ne ya rage tunani. In ka miƙa masa takarda ta ce ya yi zuzzurfan tunani na minti 20, ka tura shi inda yake gudu. Bimbini ma ya fi muni, don shi ne saƙa da warwara a zuci, ainihin abin da ake son magancewa. Ga yadda aikin yake. A zauna a miƙe baya, a rufe ido ko a sunkuyar da shi ƙasa. A bar numfashi yadda ya zo, ana ƙirga fitarsa daga 1 zuwa 10, sai a koma 1. Hankali zai gudu, dole ne. Da ka farga, ka dawo da shi ka sake daga 1, kada ka yi wa kanka faɗa. Wannan dawowar ita ce aikin. Mai farawa minti 10 ya ishe shi.

Ɗan Tsangaya: Allah ya saka, Likita. To ai akwai tafakkuri, akwai halwa, akwai murakaba wajen mutanen ɗariƙa.

Malamar Harshe: Allah gafarta Malam, kowacce da mai ita. Tafakkuri nazarin halittar Ubangiji ne, tunani ne dai. Halwa keɓewa ce don ibada. A siffa ta yi kama da zaman Vipassana na kwana 10, wani nau'in meditation da malami S. N. Goenka ya yaɗa daga Indiya, inda ba magana kuma ana zama kusan awa 10 a rana, amma niyya daban. In muka ɗora kalmar ibada a kan abin da tushensa addinin Buda ne, asibiti kuma ya ara, mun ruɗa mai karatu ta fuska biyu. Ina ba da shawarar "horon natsuwa". Horo, domin maimaici ne kullum, ba abu ne da ke sauko wa mutum ba.

Likitan Ƙwaƙwalwa: Hajiya, ta zauna. Tana kuma ɗaukar nau'o'in duka. Shirin da Jon Kabat-Zinn ya kafa a Jami'ar Masacuset ta Amurka a 1979 mako 8 ne, ana yin kamar minti 45 kullum a gida, har da bin jiki da hankali daga yatsun ƙafa zuwa ka. Tsarin Maharishi, wani malamin meditation ɗan Indiya, kuwa kalma ɗaya ake nanatawa a zuci, minti 20, sau biyu a rana. Sai dai a sa gargaɗi a takardar. Wanda ke jan numfashi da ƙarfi da sauri zai ji jiri da tsikari a yatsu, saboda ya fitar da iskar kabon fiye da kima. Wanda ya yi bayan tuwon dare barci kawai zai yi. Wanda ya taɓa ganin tashin hankali, rufe ido na iya dawo masa da abin. Shi ya bar idonsa buɗe, ya sa hankalinsa kan tafin ƙafa ko sautin da ke kewaye. Kuma kada a cika baki kan amfaninsa. Bitar da masana Jami'ar Johns Hopkins suka fitar a 2014 kan gwaje-gwaje 47 ta sami sauƙi kaɗan zuwa matsakaici a fargaba, ciwon damuwa da raɗaɗin jiki. Ba dalilin daina shan magani ba ne.

Mai Fassara: Na gode. Saura mindfulness, tana nan a kowane shafi.

Ɗan Tsangaya: Wannan kam muna da ita. Malamai na cewa mutum ya halarto da zuciyarsa, wato kada jiki na nan hankali na kasuwa.

Malamar Harshe: Madalla, Malam. A musanya zuciya da hankali don a raba ta da maganar salla: "halarto da hankali". Gwada a jimla: "Yi horon natsuwa minti 10 kullum, ka halarto da hankalinka kan numfashi." Ba inda harshe ya yi tuntuɓe.

Mai Fassara: An rubuta. Bin jiki da hankalin nan fa, Likita, a bar shi haka?

Likitan Ƙwaƙwalwa: A bar shi haka, amma a ƙara cewa a kwance ake yin sa, rigingine.