Neman shawara: buhu 110 na masara sun tsaya min a wuya

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Shekara 9 na yi ina tsaron shagon kayan masarufi na wani Alhaji a Babbar Kasuwar Gombe. Ni ke buɗewa, ni ke rufewa. Daga Bolari nake takowa a ƙasa don in tara kuɗin mashin. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 Alhaji yana Umara, ni kaɗai na riƙe shagon, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Babban ɗansa ma ni na koya wa lissafin katan, yau shi ne a kan kujera. Da aka tashi sallamata, abin da aka ba ni bai kai hayar shago ta shekara ba, aka haɗa min da addu'a. Ban raina ba, amma dai.

Ina da aboki, tare muka yi sakandare, babansa na da sito-sito a Tudun Hatsi. A kakar 2023 ya sayi masara ya ajiye, farashi ya yi tashin gwauron zabo, ya ninka kuɗinsa har ya sayi mota. Sai ni ma a kakar 2024 na haɗa abin da zan iya, na sayi buhu 110. Kowa ya san abin da ya faru a 2025, farashi ya zube. Ga hayar sito, ga maganin ƙwari, ga sabuwa na dab da shigowa. Shi ma abokin ya faɗi, amma jiya na gan shi yana dariya a majalisa.

In sayar in rungumi asara, ko in ƙara jira? Kuma don Allah ku gaya min gaskiya, kasuwar nan ƙoƙari ne ko gata?

Alhaji Na Jekadafari: Yaro, bar zancen gata. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ni da turin baro na fara a tasha, yau shagona uku. Matsalarku yaran yanzu ganin wane ya yi, ni ma sai na yi. Ka san masara ne? Ka taɓa zuwa Kumo ranar kasuwa ka ga yadda dillalai ke juya baƙo? Sayar gobe, ka koma sana'ar da ka sani.

Maman Ilham: Allah ya mayar da alheri. Amma ba ka faɗi inda ka samo kuɗin buhu 110 ba, bayan ka ce sallamar ba ta taka kara ta karya ba.

Ɗan Tumfure: Alhaji, da girmanka, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Aliko Ɗangote jinin Alhassan Ɗantata ne, kuma da rance daga Sanusi Ɗantata ya fara a 1977. Abdussamad na BUA ɗan Khalifa Isyaka Rabi'u ne. Ba wanda ya ce ba su yi aiki ba, sun yi. Amma wanda in ya faɗi akwai katifa a ƙarƙashinsa, ba ɗaya yake da wanda zai faɗi kan siminti ba. Abokin nan zai iya faɗuwa sau uku, a na huɗu ya dace, a riƙa cewa ya iya kasuwa. Baban Hanifa sau ɗaya kawai aka ba shi.

Alhaji Na Jekadafari: To 'ya'yan attajirai nawa ne suka cinye gado a shekara biyu? In lissafo maka su? Da gata na yin kasuwa da ba a sayar da gidajen iyayensu ba.

Baban Hanifa: Maman Ilham, akwai sarƙar maiɗakina, da shanu biyu na Inna da ke ƙauye. Amma da yardarsu. Alhaji kuma, ba kwaikwayo na yi ba, na yi bincike sosai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai hawa yake, wa ya taɓa ganin abu ya hau a ƙasar nan ya sauko? Ina zan san gwamnati za ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa?

Malam Sani Akanta: A nan fa ka yi sake. Tun watan Yulin 2024 aka sanar da ɗage harajin na kwana 150, kafin ka saya ke nan. Manyan da ke da ido a sama sun rage hannu. Shi ma labari gata ne. Shawarata ka sayar da rabi, ka fanso sarƙar baiwar Allah, ka riƙe rabi.

Maman Ilham: Da yardarsu wai! Haka nawa ya ce min ranar da ya karɓi kuɗin adashina zai sayo waken suya. Shekara huɗu ke nan, in na tambaya sai ya ce ban da tawakkali. Kullum mu ne katifar, amma in an samu riba amarya ake yi mana.

Abu Ammar: 'Yan uwa mu ji tsoron Allah. Arziki rubutacce ne, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Sannan ɓoye abinci don ya yi tsada, malamai sun yi magana a kai. Wataƙila wani hanin ga Allah baiwa ne.

Baban Hanifa: Malam, buhu 110 ne ɓoye abinci? Masu tirela-tirela fa, su ba a ganin su? Ni neman jari nake in kama shago.

Alhaji Na Jekadafari: Ka ji ko? Kowa ya faɗa maka sai ka kawo hujja. Mu da muka taso ba uwa ba uba a kasuwa ba mu yi wannan kukan ba.

Ɗan Tumfure: Alhaji, shagon farko na bakin titi, ba na surukinka ba ne? Tambaya ce kawai.

Alhaji Na Jekadafari: Haya na karɓa! Kuma amanata ya gani ya ba ni 'yarsa. Kai me ka tara ban da surutu a waya?

Ɗan Tumfure: Shi ma wannan shekara 9 ya yi yana riƙon amana. Nasa Alhajin ɗa gare shi.

Hajiya Mai Atamfa: Kar ka sayar ko buhu ɗaya. Ni a Kasuwar Wunti na taɓa riƙe kaya wata goma ana min dariya, daga baya aka zo ana roƙo. Sa'a ta fi sammako.

Malam Sani Akanta: Hajiya, atamfa ƙwari ba sa cin ta.

Baban Hanifa: Na gode duka. Rabin nan da ake cewa ba zai fanso komai ba, na lissafa. Yanzun nan dillali ya kira, ya rage dubu biyu a kan tayin jiya. Inna kuma ba ta san an faɗi ba tukuna. Akwai wanda ya san mai gidan kaji ko kamfanin abincin kaji da ke saye kai tsaye?

Maman Ilham: Ita maiɗakin taka ta sani?